Jan Famfo A Cikin Tanki

Akwai wani mai fentin mota a layin gareji da kowa ke kira Ƙyalli. Aiki dai ya iya shi, wannan babu gardama. Ka kawo masa motar da ta sha wuya, in ka dawo sai ka wuce ta kana tambayar ina taka. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da ba ya sheƙi, a wurinsa ba a gama shi ba. Kujerar shagonsa ja ce, bokitinsa ja ne, har kwaɗon ƙofa bai tsira ba. Matarsa in ta sayi sabuwar tukunya, a gidan maƙwabta take ɓoye ta.

Shagon da ke jikin nasa na wani bakanike ne, abokinsa tun suna samari. Ƙyalli yana kiransa Baƙin Mai, shi kuma yana kiran Ƙyalli mai yi wa gawa kwalliya. Kullum cikin tsiya suke, amma tare suke shan shayi.

Ƙyalli yana da 'ya, autarsa, yarinya mai haƙuri da son karatu. Ta shekara tana shirin gwajin shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma sunanta ya fito cikin waɗanda za a gana da su. Sau ɗaya ake yin ganawar a shekara, kuma in aka rufe ƙofa, an rufe ke nan. Makarantar tana can bayan gari, a saman wani dogon hawa da manyan motoci ke nishi a kansa.

Da Ƙyalli ya ji labari, sai ya bugi ƙirji.

"Ni zan kai ki da kaina. Kuma ba shiga irin ta kowa za mu yi ba. Sai masu gadi sun miƙe tsaye."

Jama'a, daga nan aka fara. Ya ce tsohuwar motarsa sai an sa mata turbo, wannan na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, mota ta riƙa fito in an taka ta. Baƙin Mai ya ɗaura masa, sannan ya goge hannu ya zaunar da shi.

"Saurara, mutumina. Turbo iska yake ɗura wa inji. In iska ta ƙaru, dole mai ma ya ƙaru, in ba haka ba injin ya ƙone. Kamar ka ɗauko ƙato ne aiki kana ba shi abinci da ƙaramin cokali. Sai mun canja nozul masu fesa wa inji mai, mun sa bututu mai kauri da sabuwar filta, sannan babban famfon mai a cikin tanki. Kafin nan kada ka kuskura ka taka ta."

Ƙyalli ba marowaci ba ne, a ba shi wannan. Ya sayo komai, aka ɗaura, saura famfo. Ranar da famfon ya iso, ya buɗe kwali ya yi tsaye yana kallonsa kamar an yi masa rashin kunya.

"Wannan ne? Wannan abin mai launin toka, kamar gwangwanin da aka tsinto a bola? Wallahi ba zai shiga motata haka tsirara ba. Bari in fesa masa ja."

Baƙin Mai ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga mutumin ya ɗauko abin feshi, sai dariyar ta tsaya.

"Wai da gaske kake? Cikin tanki fa zai zauna, a ƙarƙashin kujerar baya. Wa zai gan shi?"

"Ni na san yana can."

"Fetur zai jiƙa shi dare da rana! Kai da kullum da fetur kake wanke fentin hannunka, ni zan gaya maka abin da fetur ke yi wa fenti?"

"Wancan fentin mutane ne. Nawa in ya kama, ya kama. Kai dai tsaya a kan ƙarfe, ka bar mini launi."

"To ba da hannuna ba."

"Dama hassada ce ke damunka. Tun da muke, ba a taɓa tsayawa an ɗauki hoton aikinka ba."

Wannan maganar ta yi wa Baƙin Mai zafi sosai. Ya ɗauki kofinsa ya koma shagonsa.

Ƙyalli kuwa ya ja ƙofa ya yi abin da ransa ke so. Ya fesa wa famfo ja, ya bari ya bushe, ya ƙara. Har 'yar rariyar da ke gindinsa, wadda ke tace mai, sai da ta samu rabonta. Ya ɗaga kujerar baya, ya buɗe tanki, ya zura shi da kansa. Kafin ya rufe, sai da ya leƙa ya yi masa kallon ban kwana.

Kuma mota ta tashi! Ta yi gudu, ta yi fito. Ya wuni yana kai da kawo a gaban shagon abokinsa, gwiwar hannu a taga, duk wucewa sai ya danna totur. A can cikin tanki kuwa, fetur ya samu aikin yi, yana ta lasar fenti a hankali.

Ranar ganawa ta zo. Auta ta shirya tun da sassafe, ta sa farar riga, ta rungume takardunta. Mahaifiyarta ta tare mijin a bakin ƙofa.

"Baban Auta, don Allah ka bar yarinyar nan ta bi motar haya. Jiya na ji motarka tana wani tari."

"Ba tari ba ne, gyaran murya ne. Ke me kika sani a harkar turbo?"

Suna fitowa sai ga Baƙin Mai da sifana a hannu. Duk da abin da aka gaya masa, ya haɗiye fushinsa ya zo saboda yarinyar.

"Bari in duba filta kawai. Ba zan daɗe ba."

"Ka bari in na dawo ka duba, ka ƙaru."

Auta ta gaishe shi ta taga. "Kawu, a yi mini addu'a." Ya ɗaga mata hannu.

A cikin gari lafiya lau. Da suka kama hawan nan, sai suka tarar da wata babbar mota ɗauke da siminti tana rarrafe. Idon Ƙyalli ya kawo wuta.

"Auta, riƙe kujera. Yau za ki ga aikin ubanki."

Ya taka totur har ƙasa. Turbo ya yi fito, ya ɗura iska, inji ya buɗe baki yana jiran mai, mai kuwa babu hanya. Motar ta zo daidai tagar direban siminti, ta yi tari, ta yi jijjiga, ta sake tari. Direban ya leƙo, ya dube su, ya ɗaga musu hannu cikin ladabi, ya ci gaba da rarrafensa ya bar su. Da ƙyar Ƙyalli ya gangara gefen titi kafin ta mutu murus.

Ya buɗe bonet. Komai ja, komai na walƙiya. Wani dattijo da ke wucewa a ƙafa ya tsaya ya leƙa.

"Kai, masha Allah! Ban taɓa ganin inji mai kyau irin wannan ba. Me ya sa ba ya tafiya?"

"Hutawa yake."

To a nan ne abin ya daina ba ni dariya. Motar haya ta tsaya, direba ya ce akwai wuri ɗaya. Auta ta kama murfin ƙofa za ta fita.

"Zauna! 'Yata ba za ta sauka daga turbo ta hau wannan akwalar ba. Yanzu za ta tashi."

Ya murɗa makulli, mota ta yi gurnani ta yi shiru. Ya murɗa, ya buga tanki da tafin hannu, ya murɗa. Wata motar ta tsaya, ya kore ta. Rana tana ta ɗagawa, yarinya tana kallon agogon wayarta, ba ta iya yi wa ubanta musu. Can dai ta fito ta tsaya a gabansa, idonta cike da ƙwalla.

"Baba, don Allah."

Sai a lokacin ya dube ta sosai. Ya tare mata babur da kansa, ta hau ta tafi. Shi kuma ya daɗe yana juya waya a hannu kafin ya kira lambar da ba ya son kira.

Baƙin Mai bai ce masa "ai na gaya maka" ba. Ya zo da igiya ya ja shi har gareji, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo. Da aka zaro famfo, sai ga shi ya fito da launin tokarsa, tsaf kamar ranar da aka saye shi. Fentin duk ya tattaru a rariya ya zama danƙo. Da aka kwance filta aka girgiza, abin da ya zubo kamar markaɗaɗɗen tumatir.

Kafin ka ce me, duk layin gareji ya taru. Mai walda ya ce a ajiye masa kaɗan zai shafa wa ƙofarsa. Mai facin taya ya tambaya ko nozul ɗin ma an sa musu turare. Baƙin Mai ya ce, "Ka gode wa Allah motar ta mutu da wuri. Da ta ƙara jurewa kaɗan, da injin ne zai narke." Ƙyalli yana durƙushe, hannu ja har gwiwa, yana yaƙe.

Ana cikin haka sai dariya ta ɗauke. Auta ce tsaye a bakin gareji, takardunta a hannu kamar yadda ta fita da su.

Ƙyalli ya miƙe. "Yaya? Sun gan ki?"

"Na tarar an rufe, Baba. Na roƙi mai gadi, ya shiga ya tambaya. Sun ce sai baɗi."

Kowa ya sunkuyar da kai. Ƙyalli ya dube ta. Ya so ta yi masa faɗa, ko ta yi kuka, ko ta juya ta tafi gida. Ita kuwa sai ta ajiye takardun a kan benci, ta ɗauko tsumma, ta kama hannunsa tana goge masa.

"Tun safe kana rana. Ka ci wani abu kuwa?"

Mutumin da ya cika layi da baki ya zauna a kan tsohuwar taya ya rufe fuska, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Masu dariyar nan ɗaya bayan ɗaya suka sulale, kowa ya koma shagonsa.

Darasi: Gwanintarka a fanninka ba ta sa ka zama gwani a fannin wani ba, don haka in mai sana'a ya ce kada ka yi, ka saurara ko da abokin wasanka ne. Kuma in ka ga ka yi kuskure, ka sauko da wuri, domin sau da yawa ba kai ne za ka ɗanɗana kuɗar girman kanka ba, wanda ya yarda da kai ne. Ku tura wa duk wani Ƙyallin da kuka sani, kafin ya ɗauko abin feshi.