Kiɗan da Auta Yake Saukewa

Akwai wata 'yar fim ta zamanin da, tun lokacin da hoto yake fari da baƙi, wadda kowa ya sani da Kanari. Sunanta na gaskiya yana nan a takardu, amma ko ita in an kira ta da shi sai ta ɗan yi jim kafin ta waiga.

Tana da shekara goma sha tara ta fara. An ɗauke ta ne don ta riƙe tire ta wuce ta bayan jaruma, shi ke nan aikinta. Sai darakta ya ji ta tana 'yar waƙa a ɗakin kwalliya, ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama. Daga ranar ba ta ƙara riƙe wa kowa tire ba.

Ta yi finafinai sun fi arba'in, kuma duk waƙar da ke cikinsu da bakinta ta rera. Wadda ta fi shiga ran mutane ita ce wadda ta yi tana tsaye a bakin taga tana jiran mijinta, har aka manta sunan waƙar, kowa yana cewa waƙar taga. Kusa da ƙarshenta akwai wani wuri da murya take hawa can sama ta yi siriri, ta daɗe a wurin kafin ta sauko. Wurin nan shi ne Kanari.

Da aka daina kiran ta fim, sai ta koma rera waƙoƙinta a ɗakunan taro da gidajen rediyo. Duk inda ta je, akwai mutum ɗaya a gefen hagu na dandamali, labule ya rufe rabinsa. Ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda har ya yi furfura ana ce masa Auta. Shi yake buga mata fiyano.

Ga yadda suke aiki. Kanari ba ta taɓa koyon karanta rubutun kiɗa ba, da kunne take komai. Kafin kowace waƙa Auta zai danna sauti ɗaya, ta kama shi, ta ɗora muryarta a kai. Kuma ba ta sauraron tsofaffin fayafayanta, wai kunyar jin kanta take yi.

Abu ɗaya take taƙama da shi. Duk ɗan jaridar da ya zo sai ta ce masa, "Sa'o'ina duk muryarsu ta zube. Ni kuwa yadda na rera waƙar taga ina yarinya, haka nake rera ta yau."

Tana da shekara sittin da shida wata darakta ta zo gidanta, mace mai natsuwa wadda ta tashi da kallon finafinanta.

"Mama, sabon fim nake yi," in ji daraktar. "A ƙarshensa wata tsohuwa za ta tsaya a taga ta rera waƙarki. Ke nake so, kuma da muryarki ta yau. Na kama ɗakin ɗaukar sauti na kwana uku, da makaɗa shida."

Kanari ta amsa tun kafin a gama yi mata bayani. Shekara ashirin rabonta da tsayawa gaban kyamara.

Da Auta ya ji, sai ya zo da hantsi ya same ta tana fito da tsofaffin kayanta daga akwati.

"Yaya, ƙarfe nawa za mu tafi?"

"Mu da wa? Suna da makaɗansu. Kai ka huta, yatsunka sun fara rawa. Ranar nan ina kallo ka zubar da shayi a wandonka."

"Shayin ne ya yi zafi."

"To fiyanon ma zai yi maka zafi."

Ya yi dariya, amma bai tashi ba. "Ko ban buga ba, ki bari in je in yi magana da su. Minti biyar."

"Ka ce musu me? Waƙa tana faifai, sun saurara, sun koya." Ta ninke wani gyale ta ajiye. "Auta, shekara arba'in da wani abu ina yawo da kai kamar jakar hannu. Bari in gwada tafiya ba kaya, in ji yadda ake ji."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sa takalminsa ya tafi.

Ɗakin ɗaukar sautin ba taga, an lulluɓe bangonsa da soso. Makaɗa suka miƙe suka gaishe ta. Mai ɗaukar sauti, wani mutum mai tabarau da ba ya yawan magana, ya gyara mata tsayin makirfo ya koma bayan gilashi kusa da darakta.

Aka fara. Tun a baitin farko ta ji kamar an sa ta hawa bene da gudu. Ta daure. Da aka zo wurin hawan nan, muryar ta tafi, ta tafi, sai ta tsinke kamar zare.

Ta sha ruwa aka sake. Ta sake tsinkewa. A karo na bakwai ma ko kusa da wurin ba ta kai ba.

Ta juya wajen makaɗan. "Wa ya ce ku ɗaga kiɗan nan?"

"Mama, ba mu ɗaga ba," in ji babbansu. "Yadda yake a faifai muka ɗauko."

"Ni za ka gaya wa yadda yake a faifai? Ana haihuwarka ina rera waƙar nan."

Mai ɗaukar sauti ya juya wajen na'urarsa. Ya kunna tsohon faifan, ya yi wa makaɗa alama su bi shi. Kiɗan biyu suka hau kan juna daidai, ba ka iya raba su. Muryar wata yarinya ta cika ɗakin, ta hau wurin nan ba tare da ko nishi ba.

Daraktar ta fito ta riƙe hannunta. "Mama, ki je ki huta gobe. Jibi mu sake gwadawa. In bai yiwu ba babu komai, sai mu sa tsohon faifan ki riƙa motsa baki."

Kanari ta san da kyakkyawar niyya aka faɗa. Amma a hanya abin da take gani ke nan: tsohuwa ta buɗe baki a majigi, muryar 'yar shekara ashirin ta fito, mutane suna taɓa juna. Gara a ce ba ta yi fim ɗin ba.

Washegari da safe ta sha ruwan ɗumi da zuma, ta ce wa kanta mura ce. Ta zaga falo, ta zauna, ta tashi. Can ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Auta.

Matarsa ce ta buɗe ƙofa. "Yaya, ke ce da sassafe? Yana ciki yana shafa amaryarsa."

Ta same shi yana goge fiyano da tsumma. Bai tambaye ta yadda aka yi jiya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

"Buga min waƙar taga."

Ya zauna, ya danna sautin nan ɗaya, ta kama. Waƙar ta tafi sumul. Da aka zo wurin hawa ta hau, ta daɗe, ta sauko lafiya.

"Ka ji ko? Lafiyata ƙalau. Waɗancan ne ba su iya ba."

Auta ya ɗauke hannu daga kan fiyano. Sannan ya miƙe ya buɗe wata durowa, ya fito da takardu ya jera su a kan fiyano. Guda shida, duk rubutun hannunsa, wasu sun yi ja don tsufa. A saman kowace akwai shekara.

"Duk waƙar taga ce," ya ce. "Wannan ta farko ita ce ta faifai. Wannan ta ƙarshe ita na buga miki yanzu."

"Ban gane ba."

"Waƙa ɗaya ce, Yaya, amma ana iya ɗaga ta sama ta yi siriri, ana iya sauke ta ƙasa ta yi kauri. Kin tuna shekarar da kika yi doguwar jinya? Wasanmu na farko bayan kin tashi, ina kallonki daga gefe. Kin kai wurin, amma da ƙyar, har jijiyar wuyanki ta fito. Washegari na sauke kiɗan rabin mataki. Kika rera, ba ki ce komai ba."

Ta dafa kujera ta zauna. "Sau nawa?"

"Biyar. Duk bayan 'yan shekaru, in na ji kin fara wahala."

"Waƙar taga kaɗai?"

"Duka."

Waƙoƙinta sun kai sittin. Ta kalli durowar, cike take da takardu har baki.

"Sauran makaɗan da muka yi aiki da su fa?"

"Sai in riga ki zuwa, in ba su takarda, in roƙe su su yi shiru. Abin da na so in yi ranar nan ke nan."

"Wato shekara talatin ina cika baki a gaban mutane, ku kuna yi min dariya a bayan labule."

"Ba wanda ya yi dariya. Tafi suke yi, kina ji."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na gwada sau ɗaya. Na ce, Yaya, ko mu ɗan sassauta wurin nan? Kika yi wata guda ba ki amsa gaisuwata, har Inna ta shiga tsakani." Ya shafa kansa. "Amma ni ma da laifina. Sauke kiɗa ya fi min sauƙi a kan fushinki, sai na bi mai sauƙin. Da na daure na gaya miki, da ba ki ji kunya a gaban baƙi ba."

Ta yi niyyar ta tashi ta fita. Sai ta ga hannunsa yana tattara takardun, hannun da ya zauna ya sake rubuta waƙa sittin har sau biyar, bai taɓa jin an gode ba.

"Ranar nan na ce maka jakar hannu."

"Kin ce. Ai jaka ba ta fushi."

"Kai dai Allah ya shirye ka." Ta goge ido da gefen mayafi. "Gobe ƙarfe tara. Kuma kada ka sa wandon nan mai shayi."

Da suka shiga ɗakin ɗaukar sauti, Kanari ba ta nufi makirfo ba. Ta tsaya a tsakiya inda kowa zai ji.

"Shekaranjiya na ce kun ɗaga kiɗa. Ba ku ɗaga ba, ni ce na sauko. Ku yafe min. Wannan ƙanena ne, shi ya san inda muryata take."

Auta ya raba musu takardu. Aka ba shi fiyano, ya danna sautinsa, ta kama. Ta rera baiti biyu, sai ta ɗaga hannu aka tsaya.

"Auta, ƙara sauke min rabi."

Ya ɗago kai. "Yaya, wannan ba ni da shi a rubuce."

"To rubuta. Muna jira."

Ya ari fensir, makaɗa suka kewaye shi suna gyara nasu. Ita kuwa ta zauna a kujera tana shan ruwa, ba ta gaggawar komai.

Da aka sake farawa, muryar da ta fito ba ta yarinya ba ce. Mai kauri ce, da ɗan kaushi a gefenta, irin ta wadda ta daɗe tana jira a taga da gaske. Da ta zo wurin hawa ba ta yi kokawa da shi ba. Ta hau iya inda za ta iya, ta tsaya, ta sauko a hankali.

Kiɗa ya ƙare. Mai ɗaukar sauti ya cire tabaransa yana gogewa. Daraktar ta danna maɓalli daga bayan gilashi ta ce, "Mama, mun samu. Ba sai an sake ba."

"To ina da magana," in ji Kanari. "Tsohuwar nan ta fim ɗinki, ita kaɗai ce a ɗakin?"

"Ita kaɗai."

"A sa fiyano a ciki. A ajiye shi inda kyamara za ta ga mai bugawa, ba bayan labule ba."

Daraktar ta yi ɗan tunani, ta ce za a yi.

Auta ya miƙe a rikice. "Haba Yaya, ni ina na iya fim?"

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai da ka yi shekara talatin kana yi min wasan kwaikwayo ban gane ba?"

Darasi: Sau da yawa abin da muke taƙama da shi, wani ne yake tallafe da shi a ɓoye ba mu sani ba. Duba na kusa da kai, wanda ka saba da shi har ka daina ganinsa, ka gode masa tun yana ji. Kada zafin ranka ya sa masoyanka su ji tsoron gaya maka gaskiya, kuma in shekaru sun sauke ka mataki, ka sauka da mutuncinka. In labarin nan ya tuna maka da wani Auta a rayuwarka, tura masa, sannan ka raba wa sauran 'yan'uwa su karanta.