Shirun Karfasa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wani tafki ne can a dokar daji, sarkinsa Kada, mugu na ƙin ƙarawa. Ba yunwa kaɗai ke sa shi kisa ba. Ko ya ƙoshi sai ya make na kusa da jela, don dai a san yana nan. Ƙananan yara kuwa su ya fi so.

A tafkin akwai wani kwaɗo, sunansa Korau. Kada ya cinye masa 'ya'ya kaf. Maƙwabciyar Korau wata karfasa ce, Lantana, ita ma ƙyanƙyasa ɗaya ta rage mata. Kun san halin karfasa, in ta ji tsoro a baki take ɓoye 'ya'yanta. Korau ya rantse cewa waɗannan dai Kada ba zai ci su ba.

Sai ya kira taro a gindin kainuwa, ya ce a nemo mai ƙarfi ya zo ya kashe Kada. To, al'adar kwaɗi a taro, mai ja da magana ya ɗaga murya ya faɗa, wanda ya yi shiru ya yarda ke nan. Kwaɗi suka kaure da kuka, kowa na cewa a yi. Kifaye kuwa shiru, don Kada na shawagi kusa, bakin kowace uwa cike yake da 'ya'ya. Korau ya duba Lantana, ta zuba masa ido kawai. Sai ya ce, to, magana ta ƙare, kowa ya yarda.

Sai ya tafi wurin Dorina. Ta ce lallai Kada ya cancanci mutuwa, amma me kifaye suka ce? Ya ce sun yarda. Ta ce, "Da bakinsu?" Haushi ya kama shi, ya yi tsalle ya wuce.

Sai ya tafi wurin Ɓauna. Ɓauna ya ce shi zai iya faɗan, amma in an gama wa zai gyara abin da faɗan ya ɓata? Korau ya ce masa matsoraci, ya ƙara gaba.

Sai ya tafi wurin Giwa. Giwa ta ji labari har ta yi hawaye, don wallahi ba muguwa ba ce. Ta ce ita ba ta iya kama Kada cikin ruwa, sai dai ta fasa gaɓa ruwan ya tsiyaye. Ga shi kuma ana tsakiyar rani. Korau ya tuna 'ya'yansa, zuciyarsa ta yi zafi. Ya ce a ransa ai laka ma wurin zama ce. Haba Korau! A wurin kwaɗo ba, ban da kifi. Sai ya ce wa Giwa ta fasa kawai.

Giwa ta sa haure ta fasa gaɓa. Ruwa ya kama gudu sai daji. Kada ya bayyana yana birgima cikin taɓo, Giwa ta taka shi sau ɗaya, ya mutu. Kwaɗi suka hau tudu suna ta guɗa.

Korau ya sheƙa zai yi wa Lantana albishir. Ya same ta kwance a laka, rana na dukanta. Ta buɗe baki, 'ya'yan suka zubo, babu ko ɗaya mai motsi.

Ya ce, "Lantana, ba ki yarda ba ne?"

Ta ce, "Malam Korau, na fi ka son mutuwar Kada. Da ka jira na sami bakin magana, da na ce a yi, amma a bari damina ta sauka tukuna."

Ya yi ta ɗebo laka mai danshi yana shafa mata, har ta daina numfashi.

Kar ku tambaye ni ko da an bar Kada ya fi. Ni ma na sha juya abin a raina, don Kada mugu ne, kuma da an jira damina da ya ci wasu kafin nan. Abin da na sani, wanda zai iya tsalle ya hau tudu kada ya yanke wa mazauna ruwa shawarar yaƙi, sai ya ji daga bakinsu.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ke nan.