Magidancin da Ya Ce Wuta Yawo Take Yi

Akwai wani magidanci da yake zaune a ƙarshen gari, gidansa ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. A wancan zamanin babu ashana. Ku da kuka tashi kuka tarar ana murza ƙarfe wuta ta kama, sai ku yi haƙuri ku saurara. In mace ta tashi da safe ta tona murhu ta tarar toka ta yi sanyi, kasko take ɗauka ta leƙa gidan maƙwabciya ta ce, "Wutarku ta kwana?" In ta kwana, a zuba mata ɗan garwashi, ta kare shi da tafin hannu ta dawo tana hurawa. Ba a sayar da wuta, ba a kuma hana ta. Ko matan da ba sa gaisawa, a kan wuta sukan yi magana.

A ɗaya bakin garin kuwa akwai wani tsohon maƙeri. Shi kaɗai ne mai ƙyastu, wato ɗan ƙarfen da ake bugawa a jikin dutse, tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi ta kama. Duk ran da ruwan sama ya kashe wutar gari, shi ne yake ƙyasta sabuwa a maƙerarsa. Na kusa da shi su ɗiba, na kusa da su su ɗiba a wurinsu, haka har ta ratsa gari. Kafin ta iso gidan magidancin nan rana ta ɗaga, ta bi ta hannaye da yawa. Shi dai abin da idonsa ya taɓa gani ke nan: matarsa ta fita da kasko, ta dawo da wuta daga gidan maƙwabta.

Al'adar garin, in kaka ta yi, kowane gida yakan kai wa maƙeri damin dawa, ana ce da shi damin wuta. Wannan dami ya tsaya wa magidancin a wuya. Ni ma ba na son a karɓi abu a hannuna ban ga abin da aka ba ni ba, don haka a nan ban cika ganin laifinsa ba. Laifinsa yana gaba.

Wata shekara ya ce wa matarsa, "Bana ba zan kai ba. Wutar da kike girki da ita, a ina kike samo ta?"

Ta ce, "Gidan maƙwabta."

"Su fa?"

"Gidan da ke bayansu."

"To, kin gani. Wancan ma daga na bayansa. Wuta yawo take yi. Yau tana gidan wannan, gobe tana gidan wancan, jibi mu za a zo wa. Ba ta da uba."

"Maigida, ai dole akwai inda ta fara."

"Kin taɓa ganin maƙerin yana ƙyasta ta?"

"Ina ni ina ratsa gari da sassafe?"

"Ni ma ban taɓa gani ba. Abin da ban gani ba kuwa, ba na ɗaukar masa dami."

Ta koma kan aikinta, gama ita mace ce mai haƙuri. Bai kai damin ba. Maƙeri bai aiko ba, bai ce kome ba, wuta kuma ta ci gaba da isowa gidan kamar kullum. Magidancin ya ce, "Ga shi nan. Me ya ragu?"

Ana nan, gonakin garin suka gaji. Magidancin ya sami ƙasa mai kyau a ƙetaren kogi, ya zuga waɗansu gidaje suka yarda su bi shi su kafa tunga. Dattawa suka ce masa, "Ku je ku yi sallama da maƙeri, ku ji yadda za ku yi da wuta a can."

Ya ce, "Ai ba gida ɗaya ba ne mu. In ta mutu a wannan, tana da rai a wancan."

Suka ƙetare da rani, lokacin da kogi yashi ne kawai, suna ɗauke da kututture mai ci. Suka yi bukkoki, suka yi sharar gona. Wuta ta yi ta zagawa a tsakaninsu har bazara ta wuce, har shuka ta kai gwiwa. Maganarsa ta yi kama da gaskiya, mutane suka fara faɗinta kamar tasu.

A tsakiyar damina matarsa ta haihu. Mata, kun san abin da mai jego take bukata: ruwa mai zafi safe da yamma, da kunun kanwa, da ɗaki mai ɗumi. A kwanakin nan ne marka ta sauka, ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Jinkar bukkokin kuwa an yi ta cikin gaggawa. Da gari ya waye, murhun gidan ya zama taɓo. Mai jego tana kwance tana kaɗuwa, haƙoranta suna haɗuwa, jaririn ko kuka ba ya yi da ƙarfi.

Ungozoma ta taɓa tafin ƙafar jaririn, ta ɗago ta ce, "Ruwan zafi nake so. In sanyin nan ya shige su, ba ni da maganinsa."

Babu macen da za a aika. Magidancin ya ɗauki kasko da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Bai kai gidan maƙwabcinsa ba sai ga matar gidan ta fito, ita ma da kasko. Ta ce, "Ai wurinku za ni, na ce gidan mai jego ba ya rasa wuta." Suka juya tare zuwa gida na gaba, suka tarar da mutanen gidan a ƙofa da nasu kaskon. Haka suka yi ta bi suna ƙaruwa, har suka zagaye tungar suka dawo inda suka fara. Suka tsaya cikin yayyafi, kowa yana duban hannun ɗan'uwansa.

Wata tsohuwa ta ce, "Maigida, kai ka ce mana yawo take yi. Yau wane gari ta tafi?"

Magidancin ya juya ya bar su. Ya gangara bakin kogi. Kogi ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Ya tsaya yana lissafi a zuciyarsa: ko da ya rungumi gora ya yi iyo ya kai waccan gaɓa, da me zai dawo da garwashi cikin ruwan nan? Sama ruwa, ƙasa ruwa. Ya zauna a kan dutse da kaskonsa.

Yana nan zaune sai ya hangi mutum a tsakiyar kogi, ya rungumi gora, ya ɗaure wata 'yar jakar fata a kansa. Ruwa yana ja da shi, shi kuma yana ta kutsowa. Magidancin ya bi gaɓa da gudu, ya shiga ruwa iyakar ƙirji, ya kama hannunsa. Sai ya ga tsohon maƙeri ne.

Ya ce, "Baba, ina za ka cikin wannan ruwa?"

"Wurinku. Tun safe nake duban wajenku, ban ga hayaƙi ba."

Magidancin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ne wanda ya hana dami."

"Na san ka, ɗana. Wa ke jin sanyi a gidanka?"

Suka hau tudu. Maƙeri ya tsuguna a ƙarƙashin rumbu, inda ruwa bai kai ba. Ya kwance jakarsa, ya fitar da ƙarfe da dutse da audugar rimi a bushe. Magidancin ya durƙusa kusa da shi, bai ɗauke ido ba. Tsohon ya buga, ya sake bugawa. Wani ɗan ja ya bayyana a cikin audugar, bai kai ƙwayar gero ba. Ya hura a hankali, ya sa ciyawar da suka zaro daga cikin jinka, sai ta tashi.

Aka ɗora tukunya. Aka yi wa mai jego wanka, aka dama mata kunu, aka gasa wa jariri tsumma aka naɗe shi. Kafin la'asar kukansa ya cika gida, hayaƙi kuma yana tashi daga kowace bukka. Da matar ta dawo cikin hankalinta ta ce, "Maigida, a gidan wa aka samo?"

Ya ce, "Ba a gidan kowa ba. Yau na ga inda take farawa."

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne.

Wutar ita ce rai, da kasancewar kowane abu da kuke gani. Gidajen kuwa mu ne, da dukan abin da ke cikin duniya. Ni daga uwata na ɗebo, ita daga tata. Dawa daga iri, iri daga dawar bara. Ba ɗayanmu da ya ƙyasta kansa. Maƙerin nan yana misalta Allah, wanda bai ɗebo a wurin kowa ba, kowa kuwa a wurinsa ya ɗebo.

Abin da ya sa na kawo wannan, jikata Keziya ce ta zo hutu daga jami'a, inda take karatun kimiyya. Ina alfahari da ita, kanta yana ja. Muna ɓarar gyaɗa ta ce mini, "Kaka, yanzu fa an san dalilin kusan kome. Ruwan sama daga gajimare yake, gajimare daga tururin teku, zafin rana ne yake tayar da tururin. Ranar ma an san yadda ta haɗu. Ina wurin Allah a ciki?"

Na ce, "Madalla. Ci gaba, kada ki tsaya. Ranar daga ina?" Ta faɗa mini. Na ce, "Wannan fa?" Ta faɗa mini, da sunaye waɗanda bakina ba zai iya ba. Muka yi ta komawa baya har ta ce masanan da yawa suna ganin duniya da taurari duka suna da mafari, ba tun fil azal suke ba.

Ni ban yi faɗa da karatunta ba, ku ma kada ku yi faɗa da na 'ya'yanku. Masu kimiyya gida gida suke bi, suna nuna mana wanda ya ba wane, aikinsu kuma yana da kyau. Matar magidancin ba ƙarya ta yi ba da ta ce a gidan maƙwabta take samowa. Amma sanin hanyar da wuta ta biyo bai kawar da wanda ya ƙyasta ta ba.

Wani zai ce, to, a bar gidajen su yi ta tafiya baya ba iyaka, kowanne yana karɓa daga na bayansa. Wannan ciniki ni ban saya ba. Ku tara masu kasko su cika fili, ku ƙara waɗansu har su kai bakin duniya. In dukansu masu nema ne, tukunya ba za ta tafasa ba. Yawan masu aro ba ya zama mai abu. Ga shi kuwa tukunya tana tafasa: muna nan, muna numfashi, rana ta fito yau. Ashe akwai mai bayarwa.

Keziya ta ce, "To, kaka, shi Allah wa ya yi shi?" Tambaya ce mai kyau, kada ku tsawata wa yaro in ya yi ta. A nan misalina ya gaza kaɗan, gama maƙeri mutum ne, yana da uba, dutsensa ma tsintarsa ya yi. Allah ba haka yake ba. In wani ne ya yi shi, to, shi ma gida ne a cikin layi, sai mu wuce shi mu ci gaba da nema. Wanda muke kira Allah shi ne inda neman yake ƙarewa, wanda rai nasa ne, ba na aro ba.

Ku lura kuma, shekarar da magidancin ya hana dami, wuta ba ta daina zuwa gidansa ba. Mutum yakan ce babu Allah, ya kwana lafiya, ya tashi lafiya, gonarsa ta yi kyau, sai ya ɗauka ya ci gardama. Haƙurin mai bayarwa ne yake ci, bai sani ba.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi mini nauyi. Da magidancin ya zauna a bakin kogi, ya riga ya yarda a wurin maƙeri wuta take farawa, amma yardar ba ta ɗumama matarsa ba. Hujja tana iya kai ka bakin ruwa, ba ta iya ƙetarar da kai. Maƙerin ne ya shigo ruwa. Haka Allah ya yi cikin Yesu Almasihu, ya zo wurin waɗanda suka ce ba su san shi ba, bai kuwa fara da zancen dami ba. Lokacin da maigidana Irimiya ya rasu, 'yan'uwa sun zo, sun zauna da ni, Allah ya sa musu albarka. Amma na duba na ga kowa da nasa kaskon, kowa da nasa rashin. Wanda ya sake hura mini murhu ba a cikinsu yake ba.

Da na gama, Keziya ta daɗe tana juya gyaɗa a hannu. Ta ce, "Kaka, ban ce na yarda duka ba. Zan yi tunani."

Na ce, "Yi, 'yata, kada ki yi gaggawa. Ni ma ba na sayen abu sai na juya shi. Amma in kin zauna tunanin, ki tambayi kanki wa ya ba ki kan da kike yin sa da shi."