Dawakan Unguwar Bayan Ganuwa

An ce wani sarki na bakin sahara ya hau ganuwar birninsa, ya hango unguwar baƙaƙen mutane, waɗanda aka kawo kakanninsu cikin sarƙa. Kakannin nan su suka haƙa rijiyoyin birnin, suka dasa dabinonsa, suka mutu ba su ɗanɗana ba. Kaburburansu ma ba mai ziyarta sai ruwan sama.

Zuciyar sarki ta karye. Ya ce wa waziri, "Da me ake biyan wannan?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu girma kamar doki."

Aka kai wa kowane gida ingarma. Unguwa ta ruɗe da guɗa, tsofaffi na rawa da sanduna, wata makauniya ta rungume wuyan dokinta tana kiransa angona.

To, kyautar sarki ba a sayar da ita, ba a ɗora mata kaya. Dawakai suka cinye hatsin rumbu, suka cinye danga, suka kama jinka, ga damina ta ƙarato.

Sarki ya zo karɓar godiya. Ya tarar da wani tsoho mai ban-ruwa, Nasamu, zaune a ɗaki ba rufi, doki na taunar tabarmarsa, shi ko yana ta dariya har da hawaye.

Sarki ya ce, "Dattijo, murna ce haka?"

Ya ce, "Ya sarki, ina dariyar arzikina ne. Da, kakana yana bauta wa kakanka. Yau an ɗaukaka ni, ina bauta wa dokinka."

Waziri ya daka masa tsawa, sarki ya ɗaga hannu.

Nasamu ya ce, "Ya sarki, in mutum ya taka maka ƙafa, sai ya sa maka hula, me ya yi?"

"Ya yi wauta."

"In kuma yana sa hular yana tsaye bisa ƙafar?"

Sai sarki ya sauko daga sirdi, ya zauna a ragowar tabarmar, ya ce, "Baba, ina ƙafar take?"

Dariyar tsoho ta tsaya. Ya ce, "Shekara ɗari ba wanda ya tambaye mu." Ya nuna lambunan gabas. "Dabinon can, mu ke ba shi ruwa, fada ke ci. Mahaifiyata ta rasu tana sha'awar ƙwaya ɗaya."

A ranar sarki ya mallaka musu lambunan da rijiyoyinsu, ya sa aka sake musu rufi, aka janye dawakan. Guɗar da aka yi wajen rakiyarsu ta fi ta tarbarsu, har makauniya ta yi wa angonta saki uku.

Sarki ya koma fada a ƙasa, yana cewa, "Wanda ya yi cuta ba shi ke zaɓen magani ba. Adalci tambaya yake fara yi."