Mantuwar Matar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, muna ji.

Kurege ne ya ci bashin gyaɗa kwano uku a wajen Burgu, shekarar da 'ya'yansa suka yi ciwo. Burgu kuwa, gawurtaccen ɓeran nan, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Matar Kurege ta ga tunani na cin mijinta, sai kullum ta rage ƙwaya ɗaya a rabonta, ta binne a bayan gida.

Ran nan Burgu ya aiko: "In kaka ta wuce ban ga kayana ba, raminku ya zama nawa."

Ta ce, "Maigida, kwantar da hankalinka, ina da ajiya." Ta tona nan, ta tona can, ashe ta manta wuraren. Ta zauna tana kuka.

Kurege ya dubi yadda ta rame, ya ce, "Shi ya sa kullum kike cewa kin ƙoshi? Share hawayenki."

Ruwa na sauka, gyaɗar da ta binne ta tsiro, bayan gida ya yi kore shar. Da kaka suka sallami Burgu, saura ya cika rumbu.

Kurege ya ce, "Uwargida, bana ma ki binne, ki manta. Amma ki ci tukuna."

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɗan ɓera.