Manomin da Bai Je Wurin Koyon Rawa Ba

Akwai wani mutum, manomi, yana da 'ya guda ɗaya mai suna Keziya. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, shi ne ubanta, shi ne uwarta. Yana ƙaunarta ƙwarai, bai taɓa barinta ta kwana da yunwa ba.

A ƙauyensu kuwa akwai wata tsohuwa da take koya wa 'yan mata ƙanana rawar godiya, wadda ake yi a gaban jama'a bayan an kai amfanin gona gida. Kowace yarinya shekara ɗaya take samu ta shiga wannan rawa, in shekararta ta wuce sai ta ba na baya wuri. Da damina ta faɗi, tsohuwar ta aika wa iyaye cewa, "Ku riƙa zuwa da yamma kuna tafa wa 'ya'yanku, gama yaro ya fi jin tafin da ya sani."

Keziya ta ce wa ubanta, "Baba, za ka zo?"

Ya ce, "Ciyawa ta ci gona. Ki je ki koya, ranar biki zan zo in gani."

Ta tafi ita kaɗai. Iyayen sauran yara sukan zauna a gindin bishiya, wannan tana tafi, wancan yana kiran sunan 'yarsa. Keziya takan yi rawa tana waiwayen hanyar gona. Wata rana garin waiwaye ta harɗe, ta faɗi, ƙawayenta suka yi dariya. Ta tashi ta kakkaɓe jikinta da kanta. Da ta koma gida ta iske ubanta ya gaji, ba ta faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar biki ta yi. Manomin ya sa rigarsa mai kyau, ya sami wuri a gaba, yana ce wa maƙwabtansa, "Yau za ku ga 'yata." Aka kaɗa ganga, yara suka fito a jere. Ya duba daga na farko har na ƙarshe, ga shi kuwa, Keziya ba ta ciki.

Ya je wurin tsohuwar, ya ce, "Iya, ina 'yata?"

Ta ce, "Tun dawa ba ta fitar da kai ba, ta daina zuwa. Na aika maka, ka ce aiki ya yi yawa."

Ya fita nemanta, ya same ta a bakin rafi, inda ashe take zama kowace yamma har a tashi daga koyo, sa'an nan ta koma gida kamar daga can take. Ya zauna kusa da ita. Daga nesa suna jin ganga.

Ta ce, "Baba, kowa in ya faɗi akwai mai ɗaga shi."

Can ya ce, "Tashi ki yi mini, ni kaɗai. Ga ni, na zo."

Ya fara tafi. Yarinyar ta miƙe, ta ɗaga ƙafa, ta taka, ta sāke takawa, sai ta tsaya cik. Ta ce, "Na manta." Manomin ya rufe fuskarsa da hannuwansa, ya yi kuka mai zafi. Rumbunansa sun cika a wannan shekara, amma shekarar Keziya ta wuce, ba ta kuma sāke shiga rawar ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin nan ba mugu ba ne, 'yan'uwa. Shi ne ni, shi ne kai, shi ne ke, duk wanda yake ciyar da ɗansa yana tsammani ya gama. Gonar ita ce aikinmu da kasuwarmu, abubuwa masu kyau da ba sa ƙarewa. Filin koyo kuwa shi ne wurin da yaro yake kuskure, yake jin kunya, yake neman fuskar da ya sani. Ranar biki kowa yana tafa wa wanda ya iya. A ranar koyo ne yaro yake bukatar nasa.

Yaranmu suna nan a harabar majami'a kowace Asabar suna koyon rawa da waƙa domin su yabi Ubangiji. Malamansu suna ƙoƙari, amma malami ba uba ba ne, ba uwa ba ce. Da yawanmu mukan ajiye su a bakin ƙofa mu juya. Allah bai ba mu 'ya'ya don mu ciyar da su kaɗai ba, ya ba mu su domin mu tsaya kusa. Ba sai ka iya rawa ba. Ka shigo, ka zauna, ka tafa, in ya faɗi ka ɗaga shi. Gama yaro ba ya jira har abada. Wata rana zai daina duban ƙofa.