Inna Ladingo da Furannin da Suka Yi Fari

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, mun baza kunne!

Wata ungozoma ce, sunanta Inna Ladingo. Duk ɗan da ke garin, hannunta ya fara sani. A bayan ɗakinta ta shuka furanni, ja da rawaya, a kan tsamiyar gidan kuma ta ɗaura amya. Ƙudan zuma su sha fure, su ba ta zuma, ita kuma ta kai wa masu jego. Ba gona, ba saniya, abinta ke nan.

To, kun san hannun da ya saba da jarirai! Inna ta ɗauki furannin nan tamkar sabuwar haihuwa. Ta kewaye su da zana. Ta lulluɓe su da tsohon zane, wai kada su yi mura. Da safe wanka, da yamma wanka, tun daga ka har ƙasa.

Rannan ta ɗaga zane, sai ga ganye fari fat, kamar an barbaɗa garin tuwo.

"Wayyo ni, 'ya'yana!" in ji ta.

Sarauniyar zuma ta sauko ta ce, "Inna, mu fa yunwa muke ji. In furen nan bai buɗe ba kafin sabon wata, za mu kwashe mu koma daji."

Hankalin Inna ya tashi. Ta zauna daɓas tana kuka.

Sai ga Akuya. "Sannu, Inna. Ai gishiri ne. Maganinsa a lashe."

"Lashe mini, 'yar albarka."

Akuya ta lasa, ta lasa, ta haɗa da ganyen, ta haɗa da reshe. Inna ta rarumo muciya, Akuya ta tsallake danga tana tauna.

Sai ga Kaza. "Sannu, Inna. Ai ƙwari ne, daga ƙasa suke hawowa. Maganinsu a tona."

"Tona mini, 'yar albarka."

Kaza ta tona, ta tona, ta cika cikinta da tana, ta bar saiwoyi a waje. Inna ta jefe ta da takalmi. Kai, tsohuwar nan ta ga ta kanta!

Sai ta ji ana taɓa zana, kwas, kwas. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Wane ne kuma?"

"Ni ce Iska, Inna. Kullum sai na zo gaishe da 'ya'yanki, kullum in tarar ƙofa a rufe."

"Ke! Ke da ke sa wa yara mura?"

Iska ta yi dariya, fuuu. "Shafa ganyen da yatsa. Farin nan ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"To ba ƙwari ba ne. Yana da tsakitsaki?"

"A'a, laushi gare shi."

"To ba gishiri ba ne. Sansana."

Inna ta sansana, ta yamutsa fuska. "Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba!"

"Fumfuna ce, Inna. Duhu take so, da laima, da cunkoso. Ke kuwa duka ukun kin ba ta."

Inna ta riƙe baki, kunya ta kama ta. "Au! Ashe ni ce ciwon?"

"Ƙaunarki ce ta yi yawa. Yaye zanen, kwance zanar. Tsinke ganyen da ya yi fari, ki ƙone shi. Ruwa a gindi kawai, da safe. Ki tsinka nonon tsala da ruwa, ki yayyafa wa sauran ganyen, rana ta busar."

Inna ta yi yadda aka ce, tana yi tana share hawaye. Rana ta shigo, Iska ta shigo. Sabon ganye ya fito kore shar. Amma fure shiru.

Ranar da aka ga wata, ƙudan zuma suka ɗaure kayansu. Washegari da sassafe suka zo sallama. Sarauniya ta buɗe baki za ta ce "sai wata rana", sai hancinta ya ji ƙanshi. Ta waiga. Ga ja, ga rawaya, sun buɗe suna rawa a cikin iska!

"Ku kwance kaya!" in ji ta.

Inna ta rangaɗa guɗa. Da ta ga furannin na kaɗawa, hannunta ya nufi zane. Ta dubi hannun, ta ce, "Kul!" Ta zauna a kansa har rana ta take.

Kun ji, yara. Abin da kuke so, ku bar shi ya sha iska.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta koma gida, kan ɓera ya biya kuɗin hanya.